Kunyoyin Haske a Saman Zabarmari

A daminar 1988, ina aji biyar na firamare, aka tura ni hutu daga Gamboru zuwa wajen Kaka a Zabarmari, in taya ta korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Wata rana bayan isha'i, hadari ya wuce yana ta walƙiya can gabas, wata bai fito ba, na fita bayan danga zubar da ruwan wanke-wanke. Ina ɗaga kai sai na ga wani haske dishi-dishi ya jeru a sama kamar kunyoyin gona, taurari na leƙowa ta cikinsa, yana matsawa a hankali. Na kira Kaka, amma idonta ya riga ya yi yana. "Kalla mana mu biyu, Falmata," in ji ta.

Da aka koma makaranta, malaminmu ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani a hutu. Na faɗi nawa. Ya ce ko dai gajimare ne ko ƙarya ce, in zaɓi ɗaya. Na ƙi zaɓa. Ya zane ni da tsumagiyar darbejiya a gaban aji. Yara suka laƙaba mini "mai aljanu", ko carafke ba a yi da ni. Da zancen ya kai gida, Baba ya dawo daga kasuwar shanu ya yanke cewa iskokai ne suka taɓa ni a fadama. Aka yi ta turara ni, aka hana ni komawa Zabarmari. Kaka ta rasu da rani, ban sake ganinta ba.

Sai da 'yata ta karanci kimiyya a jami'a sannan ta warware mini abin da na gani. Ashe iskar can ƙololuwar sama tana fitar da ɗan haskenta, babban hadari kuma yakan tunkuɗe ta ta yi igiyoyi kamar an jefa dutse a tafki, hasken ya ƙaru a nan, ya dushe a can. Maimakon murna, zuciyata tafasa ta yi. Ƙaton mutum da alli a hannu ya kasa cewa "ban sani ba", ya gwammace ya doki yarinya, har dukan nasa ya raba ni da kakata!

Yanzu fitilu da hayaƙin janareta sun cinye saman Maiduguri, jikokina ko taurari ba sa gani sosai. Idan ɗayansu ya zo mini da zance mai kama da shirme, nakan ajiye abin da ke hannuna in bi shi mu duba. Iyakar abin da na nema ke nan a wancan lokacin.