Zuwana Dutse Saboda Ramar Barsu

Aujara

Ana idar da sallar asuba na goya Ummi na fito. Barsu, karen da ke gadin awakinmu, ko kai bai ɗaga ba. Da Baban Ummi zai tafi ci-rani ya bar mini buhun busasshen abincin kare, ya ce, "Ki kula da shi, in babu shi ɓarayi za su kwashe awakin nan." Ga shi kare ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa. Ni dai na yanke cewa waɗannan 'yan ƙwayoyi ba su da ƙarfi, ɗanyen nama yake so. Sai na ƙulle kaɗan daga ƙwayoyin a leda, in je Dutse a gwada mini.

Jahun

Mun canja mota, na samu gefen wata tsohuwa. Ta ga ledar ta ce, "'Yata, cincin ne? San mini." Na ce, "Inna, na kare ne." Direba ya juyo: "Hajiya, karen naku ɗan boko ne?" Mota ta ɗauki dariya. Inna ta matsa can jikin taga, ba ta ƙara kula ni ba har Dutse.

Dutse

Da hantsi mai adaidaita ya sauke ni shagon magungunan dabbobi. Na tarar da wani dattijo mai tabarau, na gaishe shi, na zube masa damuwata.

Ya ce, "Kin san kilishi? Tsoka guda in ta bushe yaya take komawa?"

Na ce, "'Yar mitsitsiya, Baba."

"To ruwa ne ya fita. Ɗanyen nama akasarinsa ruwa ne. Wannan na ledarki an riga an busar da shi, furotin ɗinsa, wato abin da ke gina jiki, a dunƙule yake. Ba a auna su kwano da kwano. Kuma ɗanye a gidan da yarinya ke rarrafe, sai ƙwayoyin cuta. Yaya kike ba shi?"

Na gyara goyo da alfahari: "Nakan ɗebi hannu ɗaya, in zuba dusa kwano guda, in dama da ruwa don ya yi auki."

Ya cire tabaransa ya daɗe yana kallona. "'Yata, kare kike kiwo ko akuya?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Ya nuna mini ma'aunin da zan riƙa cikawa safe da yamma, ya ce ruwan sha a kwano daban, dusa kuwa a bar wa masu ita.

Gida

Bayan la'asar muka iso. Ko goyo ban sauke ba na zuba wa Barsu abincinsa zalla. Ya shinshina, ya dube ni kamar mai tambayar ina na ɓoye wannan duk kwanakin nan, sannan ya lashe kwanon tas. Kafin magariba wani mai tallan gishiri ya gifta ta bayan garke, sai ga haushi har maƙwabta suka leƙo. Alhamdu lillahi da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Baba mai tabarau, Allah Ya saka da alheri, Ya kuma sa ka manta da fuskata.