Barewar da Na Bari da Harsashi a Ciki

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Faisal, ni da wani dattijo Bahaushen Sudan da ke zaune a hawan da ke ƙasan namu. Kawu nake ce masa. Shekarata huɗu ina karatu a Alƙahira ban taɓa wuce dalar Giza ba, shi kuwa yana da tsohuwar mota, yana kuma da aboki cikin Larabawan daji, can yamma wajen garuruwan dabinon da ke tsakiyar sahara. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Hukuma ta hana harbin barewa a ƙasar nan, kuma mun sani kafin mu tashi, don haka kada wani ya nema mini uzuri.

Bakina ne ya ja mini. Tun da na tare a gidan nake cika Kawu da labarin ni ɗan maharbi ne, da bindiga na buɗe ido. Gaskiya ne, amma na ƙara gishiri. Ranar da ya gaji ya ce, "To, ya zol, mutumina, shirya mu je mu gani."

Titin Faisal da sassafe kamar ba shi ba. Ƙananan bas ɗin nan da ke kashe mana kunne da ham duk suna kwance, sai masu ful, wato dafaffen wake, ke hura wuta. Muka sayi ful da ta'amiyya, irin ƙosansu, cikin gurasa, muka ci a mota, mai na bin gwiwar hannu. Da muka bar gine-gine, kwalta ta miƙe sak. Babu bishiya, babu akuya, babu ko mai tallar ruwa. A gida tafiyar awa guda za ka ratsa ƙauye biyar, a nan sai turakun lantarki da manyan motoci. Sau biyu jami'ai suka tsayar da mu suka duba takardun zamanmu. Shayin da muka sha a wata rumfa a hanya ya fi na Faisal tsada nesa ba kusa ba, ga shi salam kamar ruwan wankin kofi. Kawu dai tsiya yake mini tun daga Giza, wai ya taho da babban buhu saboda naman sarkin maharba.

Da hantsi muka iske abokin nasa, siririn mutum mara yawan magana. Ya ba mu dabino, ya zuba mu a motarsa mai hawa yashi, sannan ya warware wani bargo ya fito da bindiga. Saura kaɗan in yi dariya. 'Yar siririya ce, ba nauyi, harsashinta bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce zomo da tsuntsu yake harbi da ita, tana kuma kayar da barewa, amma da sharaɗi. Ya ɗora yatsa a haƙarƙarinsa, daidai bayan hammata.

"Nan, ya shekh. Nan kawai."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sani. Ban saurara ba.

Ga inda matsalar take. Mu bindigar toka muka gada. Ana ɗura mata albarushi da guntayen ƙarfe, a lallaɓa kusa da nama, a saita tsakiyar jiki, in ta tashi ƙarafan su watsu su sami ko'ina. Abin da idona ya saba gani ke nan tun ina ƙarami, kuma shi hannuna ya riƙe.

Wajen azahar muka hango bareyi a wani kwari mai 'yan itatuwan ƙaya. Su uku ne a inuwa, launinsu ɗaya da yashi, ba su kai akuyar gida girma ba. Muka ja ciki har bayan wani dutse. Na yi bismilla, na saita tsakiyar ta kusa da ni, na danna. Ƙarar ma ba ta taka kara ta karya ba. Biyu suka ɓace kamar ba a yi su ba. Ta ukun ta ƙudundune bayanta, ta tsaya cak, ta waiwayo, sannan ta bi su da wani irin gudu na dole. Balaraben ya fizge bindigar don ya ƙara mata, amma ta riga ta haye tudu.

"Ciki ka sama," ya ce.

Daga nan tafiyar ta daina zama yawon buɗe ido. Ba nama muke nema ba kuma. So muke mu iske ta da rai mu yanka ta, ta huta da abin da na sa mata. Muka bar mota muka bi sawu da ƙafa. Jinin ɗigo-ɗigo ne, sai ka sunkuya kake ganinsa, wani wurin haɗe da koren abin da ta ci. Sau biyu muka tarar da gurbin da ta kwanta, yashi ya jiƙe, ta ji motsinmu ta sake tashi. Kawu da ciwon gwiwarsa yana biye da mu, tsiyar ma ya daina. Na gwammace ya zage ni.

Mun fi awa biyu a rana. Ruwan gorarmu ya koma kamar na wanka, daga baya ya ƙare. Sai sawun ya hau wani fili na baƙaƙen duwatsu, ya ɓace. Na yi ta zagaye, ina durƙusawa ina juya tsakuwa kamar wanda ya yar da allura. La'asar ta yi sanyi, Balaraben ya dubi rana ya ce khalas, shi ke nan, motar na da nisa kuma babu ruwa.

Na roƙe shi ya ƙara mana ko rabin awa. Ya ƙara, ba mu ga komai ba. A hanyar komawa na tambaye shi ko za ta mutu kafin dare.

"Da babbar bindiga ce, da tuni," ya ce. "Wannan ramin ƙarami ne, yana toshewa ta waje. Ba za ta ci ba, ba za ta sha ba. Kwana biyu, ko uku."

Ba cikin fushi ya faɗa ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ɗana." Muka ci gaba da tafiya zuwa mota.

Mun kwana a gidan Balaraben, washegari muka kamo hanya. Kwaltar nan dai ce, shingayen nan, rumfar shayin nan, amma ba mu tsaya ba sai inda aka tsayar da mu. Da azahar muka shigo Faisal, cikin ham da hayaƙi da ihun 'yan kamasho. Na hau bene na rufe ƙofa.

Abin da na koyo ba shi da yawa, jama'a. An nuna mini wuri da yatsa, girman kai ya hana ni kallo, kuma ba ni na ɗanɗana kuɗar ba. In an miƙa maka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ni dai na gama da bindiga, babba ko ƙarama.

Ina rubuta wannan ne kwana uku cif da harbin. In maganar Balaraben daidai ce, mutuwarta jiya ne, ko kuwa yau. Tun safe nake roƙon Allah ya sa jiya ne.