Man Galan a Motar Marigayi

Ko da tsufa zai share mini komai daga kai, ban ga ranar da zan manta da yinin da na yi a cikin motar maigidana a tsakiyar daji ba, ni kaɗai, inji a kashe. Shekaru sun ja, amma har yau in na wuce masu sayar da fetur a galan sai na kau da kai.

Maigidana, wanda nake kira Malam, likitan dabbobi ne. Muna zaune a unguwar Kwarbai cikin gidan gadonsu, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba, shi ya sa nakan tsokane shi da cewa waccan jibgegiyar motar shiga daji ita ce 'yarsa ta fari. Ba ta iya shiga lungunmu, sai dai a ajiye ta bakin titi gindin darbejiya, amma kullum sai ya je ya duba ta kafin ya karya. Da ita yake bin rugage yana yi wa shanu allura. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, man da za a zuba mata. A cikin murfin tankinta an rubuta 91, ya ce lambar okten ke nan, wato ƙarfin da fetur ke da shi na jure matsi a cikin inji. Mai mara ƙarfi, in ji shi, kama wuta yake tun lokaci bai yi ba, sai ya riƙa dukan injin daga ciki, musamman in mota na hawan tudu ko tana fama da laka. In ya fara wannan karatu nakan ce masa ni malamar firamare ce, ya bar ni da ɗaya da ɗaya biyu. Sai ya yi dariya ya ci gaba, ni kuma ina jinsa da rabin kunne.

Gajeren ciwo ne ya ɗauke shi. Da na fita takaba aka zauna rabon gado, na ce a sa motar cikin rabona. Yayansa, wanda shi ne babba a gidan, ya daɗe yana kallona.

"Mace da wannan mota, ina za ki da ita?" in ji shi. "To, ki riƙe. Amma ranar da injinta ya buga, masu yanka motoci zan kira. Ba za ta zame mana ɗakin awaki a bakin lungu ba."

Gidan cike yake da mutane, amma sashena shiru kamar an yi shara. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, kowa ya koma harkarsa, ban kuma ga laifinsu ba. Da yamma nakan je in zauna cikin motar, in tayar da ita, in yi ta sauraron injin. Cikin duk abin da Malam ya bari, ita kaɗai ke da murya.

Da damina ta faɗi sai na tuna da wata ruga da ya taɓa kai ni, can bayan wani rafi, inda waya ba ta kamawa. Duk shekara a irin wannan lokaci suke jiransa. Tunanin cewa akwai mutanen da har yanzu suke sauraron zuwansa ya hana ni sukuni. Na yanke zan je in gaya musu da bakina, ban kuma shaida wa kowa ba, don na san hana ni za a yi.

Lokacin ana wahalar mai. Na bi layi tun da hantsi, da aka zo kaina na tambayi mai zubawa ko man nasu lamba nawa ne. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare, ya ce fetur dai fetur ne, famfo ɗaya ne kowa ke sha, kuma ba a cika wa kowa tanki. Na karɓi ɗan abin da aka ba ni. Da na fita ta Ƙofar Kibo na miƙi hanya, idona na kan allurar mai. A wata mararraba na ga wani mutum da galan jere a kan benci. Ya rantse mini cewa daga gidan mai ya ɗebo shi da safe. Na san Malam ba ya sayen irin wannan, amma babu wanda zan waiwaya in tambaya. Na ce ya zuba.

A kan kwalta lafiya lau muka tafi. Da na sauka burji na shiga laka, na sa giyar ƙafa huɗu kamar yadda nake gani yana yi, har ina jin kaina wata gwana. Wajen haurowa daga rafi ne na ji ƙarar, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. In na ɗaga ƙafa ta lafa, in na taka ta dawo da ƙarfi. Ashe rabin kunnen nan ya riƙe karatun, don nan take na gane injin ne ake duka.

Rugar ba ta da nisa sosai, wataƙila in na matsa zan kai. Amma kowane taki da na yi sai in ji kamar ni ce nake dukanta da hannuna. Na lallaɓa zuwa gindin wata ɗorawa na kashe ta.

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai ranar. Babu gida, babu mai wucewa, waya ba ta kamawa. Na yi azahar a gefen motar, na koma ciki na zauna. Daga nan sai na kama yi wa Malam faɗa a fili. Na ce ya koya mini lamba bai koya mini yadda zan gane man a galan ba, ya tafi ya bar ni da 'yarsa ban san abincinta ba. Na yi kuka har muryata ta dishe, babu wanda ya ji.

Bayan la'asar na hango wata tsohuwa da ƙwarya a kai, ta dawo daga tallan nono. Tana ganin motar ta ƙara sauri, tana dariya tun daga nesa, tana cewa Likita ya yi latti bana. Ta leƙo ta taga ta gan ni a mazauninsa, sai dariyar ta tsaya.

"Ina Likita, 'yata?"

"Allah ya yi masa rasuwa, Inna. Abin da na zo gaya muku ke nan."

Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta zauna a ƙasa jingine da taya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na fito na zauna kusa da ita. Tun da aka yi rasuwar kowa haƙuri yake ba ni, kowa na so in yi shiru. Ita ba ta ce in yi haƙuri ba, kuka ta yi, na taya ta.

Ita ta je rugar ta kira 'ya'yanta, magidanta ne, suka zo a kan babura. Suka zuƙe tankin da tiyo, warin kalanzir ya cika wurin, ashe gauraye aka sayar mini. A rugar na kwana. Washegari ɗayansu ya tafi wani gari mai gidan mai, ya bi layi, ya dawo da jarka. Aka zuba, na murza makulli. Motar ta tashi da muryarta ta dā, ta haura tudun rafin nan babu ko ƙwas.

Na iso Kwarbai da yamma ina shirya amsar da zan ba masu tambaya. Yayan Malam na zaune gindin darbejiyar, ya dubi tayoyin ya ce a wanke wannan laka. Na shiga sashena na tarar da shi yadda na bar shi. Babu wanda ya lura ban kwana a gidan ba.

Motar na nan har yau, kuma ban sake zuba mata man da ban san asalinsa ba, gara in fasa tafiyar. Abin da wannan tafiya ta koya mini shi ne, wanda ya rage shi kaɗai ba ya da damar yin ganganci da ɗan abin da ya rage masa. In ya ji alamar ɓaci, ya tsaya tun da wuri, don babu mai zuwa nemansa.