Ƙafar Iya da Kurciyar Mai Magani

A Utai na tashi, a hannun kakata Iya Habi. Da mun ci tuwon magariba sai ta tura kara a murhu, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take ce wa maigida, kuma kullum sai ta yi mini gorin ko goro ban taɓa kawo mata ba.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wata tsohuwa da ƙaya ta soka a ƙafa. Mai magani yana tsallaken kogi, sai ya riƙa aiko kurciya ta tambayo jiki. Duk zuwan kurciya, tsohuwa ta ja zane ta rufe ƙafar, ta ce, "Ki ce masa da sauƙi." Kurciya ta kai saƙo yadda aka ba ta, mai magani ya yi zamansa, har ƙafa ta ruɓe. A nan Iya kan sassauta murya ta ce, "To laifin wa? Kurciya tana da ido, amma baki kaɗai ta kai."

Mu dai gyaɗar muke jira.

Bara ina wurin aiki a cikin Wudil aka ce mini Iya ta taka kututturen dawa, ga ta da ciwon suga. Kullum na kira, sai ta ce, "Da sauƙi, maigida." Kwana shida ina karɓar wannan amsa, don ita raina yake son ji. A na bakwai, ina ajiye waya kurciyar nan ta faɗo mini a rai.

Na kira Malama Hauwa, ma'aikaciyar lafiya da ke bin gidaje tana tura wa wani likita a Kano hoton marasa lafiya. Tana isa ta kira ni ta bidiyo. Ga Iya kan tabarma, ƙafa a lulluɓe.

"Iya, ɗaga zanen nan."

"Kai maigida, ba na ce maka da sauƙi ba?"

"Ke kika ce kurciya tana da ido."

Ta harare ni, sannan ta ɗaga. Ƙafa ta kumbura suntum, babban yatsa ya fara baƙi. Malama ta ɗauki hoto ta tura. Kafin la'asar likita ya amsa: a kawo ta yau. Mako biyu ta yi a gadon asibiti. Ranar da likita ya ce mini ba za a yanke ƙafar ba, a bakin baranda na zauna, hawaye na zuba, ban ji kunyar kowa ba.

Na daɗe ina ɗauka tsohuwar cikin tatsuniyar ce mai laifi. Ashe haka aka rene mu duka, ba ma kai kukan ciwo. Aikin mai tambaya ne ya duba. Har yau in na kira Iya, "da sauƙi" take cewa. Amma yanzu da kanta take juya wayar ta haska ƙafar, tana mita: "Ga ta nan, kurciya, duba da kyau."