Ina Yaran Naki, Malama?

A kwalejin horar da malamai kowane sashe da ƙofarsa da allon sunansa. Ita kaɗai ce ba ta da ƙofa. Teburinta yana ƙarƙashin matattakalar bene, tsakanin sashen tarihi da na kimiyya, inda a da ake jingine tsintsiyoyi. Malamar Teku ake ce mata. Da tsokana aka fara, sunan ya bi ta, har ita ma ta koma amsawa.

'Yar masunci ce. Ta tashi tana ganin yadda in ruwa ya yi fushi tukunya ba ta hawa murhu, shi ya sa abin yake ba ta haushi a ce an kulle teku a 'yan shafukan littafin labarin ƙasa. Sai ta ƙirƙiro darasinta, tana koya wa masu shirin zama malamai yadda za su shiga da teku kowane aji. Mai lissafi ya auna cikowar ruwa da janyewarsa. Mai tarihi ya bi sawun gishiri da jiragen fatake. Mai koyar da harshe kuwa ya je ya zauna da masunta, ya ji waƙar da suke yi in suna jan raga, ya tambaye su wa ya koya musu.

Ranar farko ta kowace shekara ba ta shiga aji. Takan cusa sababbin ɗalibai a tsohuwar bas ɗin kwaleji, ta sauke su a gaɓa, gaban wani tsoho mai gyaran raga, ta ce, “Ga malaminku na yau. Ku cire takalma, ku yi masa tambaya.” Tsohon ba mai yawan magana ba ne, amma ran nan bakinsa ba ya hutawa.

Tun farko tsarin shi ne kowane sashe ya riƙa aiko malami ɗaya su yi darasin tare. Na tarihi ya zo sau ɗaya, ya ce yashi ya shiga masa safa. Ta kimiyya kullum tana taro. Malamar Teku ba ta iya roƙo ba, kuma tana da saurin zuciya. Ta ce su bar shi, ta ɗauki kason kowa ta haɗa da nata. Ta karanta abin da ba fanninta ba har ta ƙware, ɗalibai suna yabonta, ita ma tana jin daɗin yabon. Ba ta lura ba, darasin da aka yi don ya haɗa kowa da kowa ya koma rataye a wuyan mutum ɗaya.

Da ritaya ta matso, tsoro ya kama ta. In ta tafi wa zai riƙe? Ta ɗora ranta a kan wani tsohon ɗalibinta, Mai Tabarau, wanda kwalejin ke shirin ɗauka aiki. Ta jawo shi jiki, ta riƙa tura shi gaban aji tana zaune a baya tana gyaɗa kai.

Wata rana da hantsi ya zo ƙarƙashin benen ya tsaya yana goge tabaransa da gefen riga.

“Malama, shugaban kwaleji ya ce ba a ɗaukar mutum sai a ƙarƙashin sashe.”

“To, ka ce masa na teku.”

“Na faɗa, Malama. Ya ce ba shi da wannan sashen. Ya tambayi sauran ko akwai mai ɗaukar darasin, kowa ya ce ai naki ne, ba su taɓa sa hannu a ciki ba.” Ya sunkuyar da kai. “Na zaɓi lissafi. Ki yi haƙuri, ina da iyali.”

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta rasa wanda za ta yi wa. Gaskiya suka faɗa, ita ta sallame su da bakinta.

“Allah ya sa albarka,” ta ce. “Je ka, kada ka makara.”

Aka yi mata taron sallama, aka ba ta agogon bango. Washegari masu shara suka mayar da tsintsiyoyinsu ƙarƙashin benen. A gida babu kowa sai ita da agogon. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta tilo tana aure a nesa, takan bugo waya ta ce, “Umma, yanzu sai ki huta, tekun nan ba gudu zai yi ba.” Ita kuwa kaɗaici ne yake cin ta, ta kasa faɗa wa yarinyar.

Ranar da aka koma karatu ta farka da wuri kamar kullum. Ta gaya wa kanta iska kawai za ta sha, amma ƙafarta ba ta tsaya ko'ina ba sai gaɓa. Wataƙila Mai Tabarau ya roƙi bas ɗin. Wataƙila wani ya tuna.

Tsohon yana wurinsa, raga a cinya. Ya sa farar rigarsa wadda ba ya sawa sai irin wannan rana, ya share wuri, ya jera kujerun katako a inuwar wani kwale-kwale da aka kife. Ya leƙa bayanta, ya leƙa hanya.

“Ina yaran naki, Malama?”

Ta dubi hanyar ita ma. Motar da ke kawo wa masunta ƙanƙara ce kawai ke juyawa.

“Bana ba za su zo ba, Baba.”

“Sai baɗi ke nan?”

Ta mayar da idonta kan kujerun. Tsohon ya daɗe yana kallonta, sannan ya shafa gaban rigarsa.

“Ai kuwa na tuno wata waƙa ta kakana,” ya ce. “Tun damina nake maimaita ta don kada ta sake ɓace mini kafin su zo.”

Malamar Teku ta cire takalmanta ta ajiye gefe. Ta zauna a kujerar gaba, sauran duk babu kowa.

“Yi mini, Baba,” ta ce. “Ina ji.”