Ku-zo-ku-gani a Kujerar Baya

A bayan idonsa Ku-zo-ku-gani ake ce masa. A gaban idonsa kuwa, Oga.

Makanike ne, kuma gwani, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Garejinsa rumfar kwano ce a bakin titi, da rami ɗaya, da benci mai ƙafa uku da aka tokare da mataccen batir. Mutane da yawa sun koyi aiki a hannunsa, kuma hanyar koyarwarsa ɗaya ce. Idan mai koyo ya ɗaura noti a karkace, Oga ba ya duka, shi mutum ne mai tausayi. Tafa hannu kawai yake yi ya ce, "Ku zo ku gani!" Sai kowa ya ajiye sifana, har mai facin taya na maƙwabta, a taru a kan mai laifin a yi dariya sai ta ishi kowa. Oga ya ce shi ma da haka aka koya masa, ga shi bai mutu ba.

Sai motoci suka sauya hali. Da, da kunne yake gane ciwonsu. Na yanzu sai an jona musu na'ura, ita kuma na'urar ba ta jin komai sai Turanci. Ran da wata mata ta karanta masa abin da ke kan na'urar tasa, sannan ta ja motarta ta tafi wani garejin, Oga ya sayi fensir.

Ajin manya ya shiga, a wata firamare can nesa inda ba a san fuskarsa ba. Da la'asar sai ya ce wa matarsa zai je duba kayan gyara. Ta ce, "Allah ya sa kayan gyaran nan su bar maka fensirinka, Maigida."

Kujerun na yara ne, gwiwarsa har ta kusa taɓa haɓa. Malamar ba ta girmi 'yarsa ba. Duk wannan da sauƙi. Abin da ba sauƙi shi ne mutumin da ya tarar a kujerar kusa da tasa: Dogo, wanda ya taɓa koyon aiki a wurinsa, ya manta bai ɗaure notin baƙin mai ba, aka yi masa taron da bai sake dawowa ba. Yanzu direban motar kaya ne. Ya gaishe shi har da rusunawa. Oga ya amsa yana kallon allo, yana lissafin yadda labarin zai isa gareji kafin gari ya waye.

Malamar tana da nata tsarin. Ba ta sa kowa karatu sai ya ɗaga hannu da kansa. Idan ka yi kuskure sai ta ce, "Na gane nufinka, Baba," ta maimaita maganar daidai, a hankali, kamar da kanta take magana. Oga ya ɗauka wannan lalaci ne.

Da kowa ya ɗaga hannu sai shi, girma ya tilasta masa. Ya miƙe, ya fara, ya ci karo da wata doguwar kalma, ya tsaya cak. Ajin ya yi tsit. Ya san wannan shirun sarai, shi ne wanda yake zuwa kafin tafi. Ya jira.

Sai ya ga yatsan Dogo ya matso kan littafinsa, ya raba kalmar biyu, Dogon ya raɗa masa rabin farko.

Malamar ta ce, "Wurin nan yana ba kowa wahala. Mu faɗa tare." Suka faɗa tare, muryarsa ta ɓuya a cikin tasu. Ta ce, "Mun gode, Baba, ka tsayar da mu inda ya kamata."

Da aka tashi Dogo ya ce, "Oga, in rage maka hanya?"

"Ina da ƙafa."

Kullum da safe yana shiga gareji yana karanta fuskoki, yana jiran wanda zai fara murmushi. Shiru. Dogo bai gaya wa kowa ba. Da ya tona masa asiri da Oga ya samu sauƙi, an yi kunnen doki, kowa ya kama gabansa.

Yanzu yana karanta na'urarsa, yana bin kalmomin da baƙin yatsa. Idan mai koyo ya yi ɓarna, hannuwansa sukan tashi za su tafa, sai ɗaya ya zarce ya sosa ƙeya. Ma'aikatansa sun ce tsufa ne.

Kalmar ban haƙuri ta Turanci tun makon farko ya iya ta, yana faɗa wa kowa, har kujera in ya yi tuntuɓe da ita. Ta Hausar ce ta ƙi fitowa. Kullum Dogo yana gefensa, yana fiƙe masa fensir.