Ɗakin Lakar da Kakana Ya Bari a Basam

Shekaranjiya na bi ta rumfar maƙera a kasuwar Arlit, wani ya watsa ruwa a kan tulin tsoffin ƙarafa, sai warin jiƙaƙƙiyar tsatsa ya buge ni. Na tsaya cak a tsakiyar hanya. A garin nan ƙarfe ba ya jiƙa, shi ya sa na daɗe ban ji wannan wari ba. Na ji shi a bakin ruwan Kwatano, na ji shi a Jidda, amma inda na fara jinsa shi ne Basam, ranar da na ja wa kakana sanda.

Bari in gaya maka yadda muke a lokacin. Mu mutanen Adar ne, amma a Abijan na yi wayo. Baba yana sayar da albasa, muna zaune mu bakwai a ɗaki ɗaya na haya mai rufin kwano. Bayan rasuwar kakata aka kawo Kaka, mahaifin Baba, neman maganin ido. Maganin bai yi ba, a gida kuma ba mai riƙe shi, sai ya zauna. A bakin ƙofa yake kwana a kan tabarma, duk mai fita da asuba sai ya tsallake shi. Wannan ya fi makantar ci masa rai. Yakan ce wanda ya mutu a ɗakin haya, kafin a gama yi masa wanka an nannaɗe tabarmarsa.

Shi kuwa yana da ɗaki nasa na kansa, ko kuma haka yake faɗa. A ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana dako a Basam, wani gari na bakin teku kusa da Abijan, a kan wata doguwar gadar ƙarfe da ta kutsa cikin teku, inda ake sauke kayan jiragen Turawa. Can ya gina ɗaki da hannunsa, na tubali, da azara da rufin soro, irin na garinmu. Da yake Basam duk rairayi ne, sai da ya yi ta ɗauko laka a kwalekwale daga ƙetaren ruwa. Wata rana ya kulle ɗakin ya tafi gida noman damina ɗaya, ya yi shekara ashirin bai dawo ba. A wurinmu wannan ba wani abu ba ne. Mutum yakan tafi ci-rani ya daɗe, ya dawo ya tarar da ɗakinsa na jiransa, sai ɗan yaɓe.

Kullum yana roƙon Baba ya kai shi, ya share wurin ya ƙarasa kwanakinsa a ciki. Baba ya yi ta ce masa sai albasa ta ƙare, sai ruwa ya ɗauke. Da dabara ta ƙare masa, wata Lahadi muka shiga mota mu uku.

Hanyar ta bi tsakanin itatuwan kwakwa, teku yana hannun dama. Ni ina kallo, Kaka yana sauraro. Da ya ji rugugin ruwan sai ya gyara zama, ya miƙe wuya kamar ango. Ya lalubo kaina ya ce, "Kai, ɓarawon mata, ka ƙwace mini tsohuwa har ta gudu ta bar mu duka. Yau za ka ga inda maza suka yi aiki." Fasinjoji ba su ji Hausa ba, amma sun yi dariya don dariyarsa.

Da hantsi muka ƙetare gada muka shiga unguwar Turawa. Ban taɓa ganin gidaje irin waɗannan ba: benaye masu dogayen baranda, ginshiƙai jere, tagogin katako manya kamar ƙofofi. Amma yawancinsu a rufe suke, fenti ya ɓare, gansakuka ta yi kore a bango. A gidan duwan, wato kwastan, awaki na gani kwance a kan matakala. Tun da aka haƙa wa jirage mashiga a Abijan, ciniki ya tashi ya bi su. Gadar ƙarfen tana nan cikin ruwa, ja wur da tsatsa, ba kowa a kanta sai masu ƙugiya biyu.

Kaka ya tsaya ya karkata kunne. "Mi ya sa ban ji usur ba?"

"Yau Lahadi, Baba," in ji mahaifina. Daga nan ya ranƙwafo ya raɗa mini, "In ba mu same shi ba, ka ce mun ɓata hanya. Kada ka kashe mini tsoho."

Ɓata hanya bai yiwu ba. Kaka ya ce a kai shi ƙofar masallacin ƴan Arewa, daga nan ya karɓi ja-gora. Ni ke riƙe da kan sandar, amma shi ke tura ni. Ya ƙirga taki, ya juya hagu wajen wata rijiya, ya sake ƙirgawa, ya tsaya.

A gabanmu ba bango, ba ƙofa. Wani ɗan tudu ne da bai kai ƙuguna ba, ayaba ta cika shi, ganyenta faffaɗa sharaf. Gefe wata tsohuwa tana banda kifi. Baba ya gaishe ta da Julanci, harshen kasuwar can, ya tambaye ta a hankali. Ita ba ta iya magana a hankali ba. Ta ce ta tuna shi sarai, ɗan Arewan nan da ya gina ɗaki kamar tanderu. Sun gaya masa ruwan nan ba irin nasu ba ne, ya ce ɗakin kakansa na can tsaye. Damina uku ɗakin ya yi, in ji ta, a ta huɗu ya zauna. Amma ƙasar tana da kyau, ba ayabar da ta kai wannan a unguwar.

Kaka ya fi Baba jin Julanci. Duk da haka sai ya juyo wajena. "Abokina, mi ka gani?"

Baba ya zare mini ido. Na dubi ƙasa. Ban taɓa yi wa Kaka ƙarya ba sai cikin wasa, wannan kuwa ba wasa ba ne.

"Ayaba ce, Kaka."

Kaka ya tuɓe takalmansa, ya saki sandar, ya hau tudun yana lalube da ƙafa. Ya murza ƙasar da yatsunsa, ya duƙa ya ɗebo kaɗan ya shaƙa. "Wagga lakata ce," ya ce. "Ba rairayi ba ce. Ni na kawo ta." Ya zauna a wurin, ganye na shafa rawaninsa. Tsohuwar ta gane abin da ta yi, ta kawo mana kifi a ganye, ta tsinko nunannar ayaba ta sa masa a hannu. Ya ɓare ya ci rabi, ya miƙo mini sauran. Nan ya yi azahar, nan ya yi la'asar. Kafin magariba muna Abijan.

Bai ƙara ambaton Basam ba, bai kuma ƙara kirana ɓarawon mata ba. Baba ya yi kwanaki ba ya duban fuskata. Tsakiyar damina Kaka ya rasu a bakin ƙofar nan, Inna ce ta gane, da ta zo tsallake shi. Har yau ban san ko ni na gajarta masa kwana ba.

Na yi yawo bayan haka. Na yi direba, na yi fatauci, na koyi Faransanci da Larabci da Buzanci. Da na zo Arlit garin sabo ne fil, fitilu ko'ina, ruwa a famfo, kampanin haƙar yuraniyom na ɗaukar duk mai hannu biyu. Na ce ni ba zan yi kuskuren Kaka ba. Na gina da siminti da rodi, a ƙasar da ruwan sama ba ya cin bango.

Yanzu ga mu. Tawaye ya dawo, an binne nakiyoyi a hanyar Agadas, mota ba ta fita sai cikin ayari da rakiyar soja. Abokan da muka zo tare, wasu tari ya ɗauke su, wasu sun koma gida da shi. Ƴaƴana ɗaya yana Yamai, ɗaya yana Tamanrasat, ba mai niyyar dawowa. Duk da haka samari suna ta zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Katsina, don an ce za a buɗe sababbin ramuka, ƙarfen yuraniyom ya yi tsada a duniya. Ina dubansu, ina duban jerin gidajen kampani, na san yadda gari yake zama in abin da ya tara shi ya tashi. Basam ma ta fi mu sa'a, tana da teku da kifi. Mu ramin ne kaɗai ya kawo mu, in ya ƙare ko akuya ba za ta samu abin ci a matakalarmu ba.

Abin da Kaka ya nema ya rasa, in Allah ya so ni zan samu, zan mutu a ɗakina. Sai dai ban san wa zai rage a garin ya zo ziyara ba.

Jiya wani saurayi ɗan Madawa, da ya samu aikin gadi a sabon rami, ya sayi filin da ke bayan gidana. Ya zo da igiyar awo yana ta fara'a, ya ce, "Baba Alhaji, kai da ka ga duniya, riƙe mini kan nan don albarka." Na buɗe baki, na ga fuskarsa, na rufe. Na riƙe masa igiyar har ya gama kafa turakunsa.